Kek ɗin cakulan: amfaninsa da illarsa ga lafiya

A garin Haɗejia na jihar Jigawa, kek mai cakulan ya samu gurbi a faifan gara da na Sallah, kusa da alkaki da nakiya da dubulan.

Alkama ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Manoman rani na shuka ta a fadamun kogin Haɗejia, kuma a nan ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a watan Nuwamban 2023. Shi kuwa koko, wanda da shi ake yin cakulan (ba na gero da ake sha da ƙosai ba), daga kudu yake zuwa, musamman jihohin Ondo da Osun da Kuros Riba.

Ana yawan jin cewa cakulan na gyara zuciya. Maganar tana da tushe, sai dai ba ta cika shafar kek ba.

Ƙwayar koko na ɗauke da wasu sinadarai da ake kira filabanol, waɗanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki. A shekarar 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na sinadaran a kowace rana na taimaka wa gudanar jini.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2022, a kan dattawa fiye da dubu 21, ya gano cewa mace-mace ta dalilin cutar zuciya sun ragu da kashi 27 cikin ɗari a tsakanin waɗanda aka bai wa sinadarin. Amma adadin masu kamuwa da cututtukan zuciya gaba ɗaya bai ragu sosai ba. Haka kuma ƙwayoyin magani aka ba su, ba cakulan ba.

Abin da ke faruwa a kwano

Filabanol na da ɗaci, don haka masana'antu kan sarrafa garin koko da wani sinadari mai kama da kanwa domin ya yi duhu, ɗacin ya ragu. Wannan na lalata kaso mai yawa na filabanol ɗin tun kafin garin ya iso kasuwa.

Ragowar ma kan salwanta wurin gashi. Masu bincike sun gano cewa bekin soda na cinye mafi yawan sinadarin a cikin kek, yayin da bakar hoda ke barin sa kusan yadda yake. Ke nan kek ɗin da ya fi baƙi da ɗaukar ido ba lallai ne ya fi amfani ba.

Abin da ba ya salwanta shi ne sukari da mai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Yanka guda mai kauri, wanda aka shafe samansa da kirim, na iya cinye fiye da rabin wannan adadi, tun ba a lissafa shayin safe da lemon kwalba ba.

Ga mai ciwon sukari ko hawan jini, likitoci na ba da shawarar ƙaramin yanki, kuma jefi-jefi. Masu gashi kuma na iya rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin ba tare da kek ɗin ya lalace ba, su nemi garin koko zalla maimakon na shayi, wanda akasarinsa sukari ne da madara.