Daga Camden Zuwa Bloomsbury: Tarihin Kamfanin Wasannin Kwamfuta na Elixir (1998–2005)

Gabatarwa

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin Elixir Studios, wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa da ya yi shekara bakwai yana ƙera wasannin kwamfuta a birnin Landan. Wasa biyu kacal ya fitar kafin ya rufe. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci nazari shi ne, tambayar da kamfanin ya ɗauko ta fi ƙarfin kasuwar da yake cikinta, kuma da ya durƙushe sai tambayar ta yi ƙaura zuwa Bloomsbury, unguwar jami'o'i da ɗakunan karatu da ke kudu da ofishinsa na Camden.

Asalin Kamfanin

Demis Hassabis, wanda aka haifa a Landan a 1976, shi ne ya kafa Elixir a 1998. Tun yana yaro ya yi suna a wasan ces, wato darar Turawa. Yana ɗan shekara 17 ya yi aiki tare da Peter Molyneux a kamfanin Bullfrog wajen tsara Theme Park (1994), wasan da mutum ke gina filin shaƙatawa, baƙi na shiga suna fita gwargwadon yadda ya kyautata musu. Daga nan ya karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Cambridge, ya kammala a 1997, ya ɗan taɓa aiki a Lionhead, sannan ya ɓalle ya kafa nasa. Cikin waɗanda suka bi shi akwai abokin karatunsa David Silver, wanda ya zama jagoran masu rubuta manhaja. A lokacin da kamfanin ya fi bunƙasa, ma'aikatansa sun kai kimanin 60.

Kalmar "mai zaman kansa" tana buƙatar bayani, domin tana iya ruɗar mai karatu. A wancan zamani ana sayar da wasanni ne a faifai cikin kwali, a kantuna. Mai ƙera wasa ba shi da hanyar kai hajarsa ga mai saye sai ta hannun babban kamfanin dillanci. Dillalin ne ke ba da kuɗin kafin alƙalami, kashi-kashi, duk lokacin da aikin ya kai wani matakin da aka yi yarjejeniya a kai. Idan wasan ya fito, sai ya fara cire kuɗinsa kafin masu ƙerawa su ga kwabo. Wato dai kamfanin nasu ne, amma akalar tana hannun wani. Masu nazarin finafinan Hausa za su tuna da zamanin da 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai a Kano ke da ta cewa a kan irin fim ɗin da za a yi, saboda su ne ƙofar kasuwa.

Republic: Buri da Iyakarsa

Wasan farko, Republic: The Revolution, wanda kamfanin Eidos ya ɗauki nauyin dillancinsa, an gina shi ne a kan wata ƙagaggiyar ƙasa mai suna Novistrana, kwatankwacin ƙasashen da suka ɓalle daga Tarayyar Sobiyet. Mai wasa yana farawa a matsayin ɗan adawa mara kowa, ya tara magoya baya ta hanyar lallashi ko kuɗi ko barazana, har ya hamɓarar da shugaba mai kama-karya. Burin masu ƙera shi ne su kwaikwayi ƙasa sukutum: birane cikakku, da jama'a masu ɗimbin yawa, kowane da ra'ayinsa da harkokinsa na yau da kullum. Saboda haka suka rubuta nasu injin zane mai suna Totality, suka kuma yi ta tallata shi a mujallu tun aikin bai nuna ba.

A nan gizo ya yi saƙa. Zana gini da titi aiki ne mai wuya, amma an san hanyarsa. Sa mutumin da ke cikin kwamfuta ya yi tunani kuwa, a lokacin sai dai mai manhaja ya zauna ya rubuta masa dokoki ɗaya bayan ɗaya: in ka ga kaza, yi kaza. Ga mutum goma abin yana yiwuwa. Ga al'umma guda, dokokin sukan yi yawa har su riƙa karo da juna, kwamfutocin gida na lokacin kuma ba su da ƙarfin ɗaukar nauyin. Aikin ya ci kusan shekara biyar, aka yi ta rage buri, har wasan ya fito a 2003 da birane uku. Masu sharhi sun yaba tunanin, suka koka da wahalar sarrafa shi, da kuma yadda akasarin wasan ke gudana a kan taswira, birnin da aka sha wahalar zanawa ya zama abin kallo kawai. Hukuncin nasu bai kauce wa adalci ba.

Wasa na biyu, Evil Genius (2004), ya fi tsari da daɗin bugawa. Barkwanci ne a kan finafinan leƙen asiri na shekarun 1960, inda mai wasa ke zama mugu mai gina maɓoya a tsibiri. Ya sami masoya, amma bai ceci kamfanin ba. A watan Afrilu 2005, bayan wani dillali ya soke aikin da suka daɗe suna yi masa, aka sanar da rufe Elixir. Kamfanin Rebellion ya sayi haƙƙin wasannin, ya kuma fitar da Evil Genius 2 a 2021. Wani abin lura shi ne, a shekarar da Elixir ya rufe ne dandalin Steam ya fara sayar da wasannin wasu kamfanoni ta intanet, hanyar da daga baya ta raba ƙananan masu ƙera wasa da dogaro ga dillalai.

Ƙaura Zuwa Bloomsbury

Silver ya riga ya tafi Jami'ar Alberta a Kanada domin digiri na uku a kan yadda na'ura za ta koya ta hanyar gwaji da sakamako. Hassabis kuwa ya shiga jami'ar UCL da ke Bloomsbury, ya yi nasa digirin a kimiyyar ƙwaƙwalwa ƙarƙashin Eleanor Maguire, ya kammala a 2009. Bincikensa na 2007 ya nuna cewa marasa lafiyar da sashen ƙwaƙwalwarsu mai suna hifokamfus ya lalace, ba tuna baya kaɗai ke ba su wuya ba, har da ƙaga sabon yanayi a zuci. Wanda ya kasa gina duniya a cikin kwamfuta ya koma yana tambayar yadda ƙwaƙwalwa ke gina tata.

A cibiyar Gatsby ta UCL ya haɗu da Shane Legg. Su biyun tare da Mustafa Suleyman suka kafa DeepMind a 2010, da ofis a Russell Square. Wasanni ba su ɓace daga aikin ba, matsayinsu ne ya sauya: daga haja sun koma fagen gwaji. A 2013 kamfanin ya nuna manhajar da ta koyi buga tsofaffin wasannin Atari ba tare da an rubuta mata dokokinsu ba, sai hoton allo da maki kawai. Rahotonsu na 2015 a mujallar Nature ya ƙunshi wasanni 49. Wannan shi ne akasin hanyar da Republic ya bi. Google ya sayi kamfanin a 2014, kuma a watan Maris 2016 manhajar AlphaGo, wadda Silver ya jagoranci aikinta, ta doke Lee Sedol da ci 4 da 1 a wasan Go a birnin Seoul. A 2024 Hassabis da John Jumper suka raba rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai saboda manhajar AlphaFold, mai hasashen surar furotin.