Daskarewar Fata a Idon Sawu: Abin da Matafiyi Zai Sani

A nan gida, komai tsananin hunturu iyakarsa faso da kaushi da tsagewar leɓe. Amma 'ya'yanmu da ke karatu a Rasha ko Kanada, da masu neman abinci a Turai, suna haɗuwa da wani irin sanyi dabam, wanda ke daskarar da fatar mutum kamar nama a firji. A Disamban 2016 wasu 'yan Ghana biyu sun tsallaka da ƙafa daga Amurka zuwa lardin Manitoba na Kanada cikin dusar ƙanƙara. Sun rayu, amma an yanke musu kusan dukan yatsun hannu.

Ba yatsu kaɗai abin ke kamawa ba. Idon sawu fata ce a kan ƙashi, babu kitsen da zai kare ta, ga shi yana tsakanin bakin wando da takalmi. Gajeriyar safar nan da samari ke yayi ita ke barin sa a waje. Idan sanyi da iska suka kai awo 28 ƙasa da sifiri, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Da farko za ka ji kamar ana soka maka allura, daga nan wurin ya mutu, ko an taɓa ba ka ji. Turawa sukan ce a duba ja ko fari, amma a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Sai dai ka ga wurin ya yi toka-toka. Danna da yatsa. In akwai taushi a ƙarƙashi, abin bai yi nisa ba.

Shiga ɗaki, ka cire jiƙaƙƙen takalmi da safa. Tsoma ƙafar cikin ruwan ɗumi mai awo 37 zuwa 39 na minti 15 zuwa 30. Bari wani ya gwada ruwan da gwiwar hannunsa, domin ƙafar da ta mutu ba ta san zafi ba. Saboda haka ma aka hana jin wuta ko kanga ƙafa a hita: za ta ƙone ba ka sani ba. Kada a murza, kada a gasa da tsumma kamar yadda muka saba yi wa targaɗe. Jini in ya fara dawowa akwai raɗaɗi sosai. Ibuprofen yana taimakawa. Amma in har za ka sake fita cikin sanyin, kada ka ɗumama tukuna, domin daskarewa ta biyu ta fi ta farko ɓarna.

Idan bororo ya fito, kada ka fasa. Bororo, ko wurin ya yi tauri kamar itace, ko ji bai dawo ba bayan ɗumamawa, duk na asibiti ne, a ranar.

Mai shirin tafiya ya nemi doguwar safar ulu da takalmin da ya rufe idon sawu, wanda bai matse ba, ya kuma riƙe safa ta biyu busasshiya a jaka. Taba tana tsuke hanyoyin jini, giya kuma tana sa mutum ya ji ɗumin ƙarya. Mai ciwon sukari ya riƙa duba ƙafarsa kowane dare. Mai sikila kuwa ya ga likita kafin ya tashi, domin sanyi yana tayar da ciwon.