Injin da Ya Nutse a Ruwa: Abin da Ke Kashe Shi da Yadda Ake Ceto Shi

A damunar 2022 da ta 2024 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki masu yawa a Jihar Jigawa, kuma Ƙaramar Hukumar Buji, mai hedikwata a Gantsa, tana cikin wuraren da ta 2024 ta shafa. Idan aka zo lissafin hasara akan ambaci rayuka da gidaje da amfanin gona, haka kuwa ya kamata. Amma akwai wata dukiya da ba kasafai ake ƙidaya ta ba, wato injuna: injin ban-ruwa da ruwa ya rutsa da shi a fadama, injin niƙa, babur, da kuma injin da ake ɗaura wa kwalekwale a yankunan Kogin Haɗejiya, kamar Auyo da Guri. Ga manomin rani, injin ban-ruwa shi ne jarinsa. In ya mutu a watan Agusta, to babu tumatir babu alkama in sanyi ya shigo.

Galibin waɗannan injuna ba nutsewar ce ke kashe su ba. Abin da mai su ya aikata bayan an tsamo su shi ke yanke hukunci, kuma kuskuren iri biyu ne: gaggawar tayar da injin, ko kuma jingine shi a zaure da niyyar sai an samu sarari.

Ruwa ba ya matsuwa

Bari mu fara da gaggawa. A cikin injin fetur akwai wani rami mai siffar gwangwani da ake kira silinda, kuma a cikinsa fistin yake hawa yana sauka. In ya sauka sai ya zuƙo iska da tururin fetur, in ya hau sai ya matse su a ɗan ƙaramin fili da ke can sama, sannan fulogi ya ba da tartsatsi, su kama da wuta, su ingiza fistin ƙasa da ƙarfi. Matsewar nan ba ƙarama ba ce, domin ƙaramin injin fetur kan mayar da iskar kashi ɗaya cikin takwas ko tara na girmanta na farko. Iska tana yarda da haka saboda ƙwayoyinta suna nesa da juna. Na ruwa kuwa a cushe suke tun asali. Ko an ninka nauyin iskar da ke danne ruwa sau biyu, girmansa ba zai ragu da abin da ya wuce kashi ɗaya cikin 20,000 ba.

Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan da sirinji marar allura. Ka ja iska, ka toshe bakin da yatsa, ka danna: zai shiga fiye da rabi. Ka sake gwadawa da ruwa: ko motsi ba zai yi ba.

To, a injin ban-ruwa irin Honda GX160, wanda silindarsa ke ɗaukar mililita 163, filin da ke saura a sama idan fistin ya kai ƙarshe bai wuce mililita 20 da 'yan kai ba. Wato ruwa cokali huɗu ko biyar na shan shayi ya isa ya cika shi. Fistin zai taso ya ci karo da abin da bai da maraba da dutse, alhali inji irin wannan kan juya har sau 3,600 a minti, sau 60 ke nan a daƙiƙa guda. Tilas wani abu ya ba da kai, kuma yawanci sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ce ke lanƙwashewa ko ta karye. Na taɓa ganin irin wannan sanda a hannun wani bakanike a Dutse, ta tanƙware kamar lauje. Mai babur ɗin ya ƙetare rafi ne, injin ya mutu a tsakiya, ya tura shi gaci, ya shiga bugun kik da dukkan ƙarfinsa, daga baya yara suka taya shi turawa a cikin giya.

Injin gas ya fi shiga haɗari, domin matsewarsa ta ninka ta injin fetur sau biyu ko fiye, filin da ke samansa kuma ya fi ƙanƙanta.

Tsatsa tana jiran iska ne

Kuskure na biyu ya fi wuyar ganewa. Tsatsa ba ta samuwa sai abubuwa uku sun haɗu: ƙarfe, ruwa, da iskar oksijin. Lita ɗaya ta ruwan rafi a yanayin zafinmu tana riƙe da oksijin kimanin miligiram 8 kawai, ruwan ambaliya mai ruɓaɓɓen ciyayi ma bai kai haka ba, saboda bakteriya sun shanye mafi yawansa. Lita ɗaya ta iska kuwa tana ɗauke da kusan miligiram 270. Saboda haka muddin inji yana ƙarƙashin ruwa, tsatsa tafiyar hawainiya take yi. Da zarar an tsamo shi, sai jiƙaƙƙen ƙarfe ya samu oksijin ninki talatin, cikin 'yan sa'o'i kuma ja-ja ya fara bayyana a jikin silinda da ringi da boris. Boris ɗin karanshaf an goge su ne sumul kamar madubi. Ɗigon tsatsa kaɗan ya isa ya sa su riƙa gurnani har su watse bayan 'yan makonni.

Masu binciken kayan tarihi sun san wannan sarai. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, a yankin da yake Jihar Yobe a yau, ya shekara kimanin 8,000 bai ruɓe ba saboda yana binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa marar iska, inda ƙananan halittun da ke cin itace ba su iya yin aikinsu. Haka kuma jirgin yaƙin nan na ƙarfe mai tafiya a ƙarƙashin teku, Hunley, wanda ya nutse a Amurka a 1864: da aka ɗago shi a shekarar 2000, nan take aka sake tsunduma shi a wani babban tanki na ruwa. Wannan dabara ita ce makanikan injin jirgin ruwa suke bi. In an tsamo inji da magariba kuma babu halin taɓa shi sai gobe, gara a nutsar da shi a duro mai ruwa mai tsabta da a bar shi yana shan iska. Maganar tana kama da wauta, amma ita ce daidai.

Malamai za su iya nuna wannan a aji da ƙusoshi uku da kwalabe uku: ɗaya a busasshiyar kwalba a rufe, ɗaya a tafasasshen ruwa da aka zuba wa man gyaɗa a sama, ɗaya kuma rabinta a ruwa rabinta a waje. Bayan kwana uku a tambayi ɗalibai wacce ta fi lalacewa, kuma a daidai ina.

Aikin ceto

Kafin komai, wata 'yar gargaɗi daga fannina. Ruwan da ya kwanta a fadama shi ne mazaunin ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jini. Kada a tura yara su yi ta nutso suna lalube, kuma wanda ya shiga ya wanke jikinsa da sabulu ya goge da zarar ya fito.

In injin yana da batir, a fara cire shi. Daga nan a wanke laka da ruwa mai yawa tun kafin a kwance ko da noti ɗaya. Ruwanmu ba na gishiri ba ne irin na Legas ko Fatakwal, wanda ya fi saurin cin ƙarfe, amma namu yana da nasa sharrin, wato yashi. Ƙwayar yashi ta fi ƙarfen gama-gari tauri, in ta shiga tsakanin fistin da silinda sai ta riƙa kankare su.

Sai a cire fulogi, a kashe makunni, a nisanta daga wuta da taba, a karkata injin yadda ramin fulogin zai dubi ƙasa. A ja igiya a hankali. Ruwa zai yi ta feshi ta ramin, a ci gaba har ya daina. A nan ne hannu yake zama kunne: in aka ji igiyar tana cijewa a wani wuri, ko ana jin ƙaras-ƙaras, a dakata. Ko dai sanda ta riga ta lanƙwashe, ko yashi ya shiga ciki, kuma duka biyun aikin bakanike ne, sai an buɗe injin. Wanda ya nutse yana cikin aiki ya fi fuskantar wannan, domin shi da kansa ya zuƙi ruwan. Injin gas ma tun farko a miƙa shi ga masu sana'ar, tunda ba shi da fulogin da za a cire cikin sauƙi.

In yana juyawa lami lafiya, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi, a sake juya shi don man ya shafe bangon silinda. A kwance notin da ke gindin kabireta a tsiyaye abin da ke ciki, a juye tanki gaba ɗaya. Lita ɗaya ta fetur kimanin giram 750 ce, ta ruwa kuwa giram 1,000 ce, don haka ruwa ƙasa yake kwanciya, daidai inda bututun mai yake zuƙa. A wanke matatar iska a shanya, in ta takarda ce a sake sabuwa. A busar da kwayil da wayoyi sosai.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Injin ban-ruwa da galibin babura suna da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa. In ruwa ya gauraya da shi sai ya koma fari-fari kamar koko, kuma irin wannan mai ba ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A zubar, a sa sabo, a tayar da injin na 'yan mintoci, a sake zubarwa, har sau biyu ko uku, sai man ya fito da kalarsa. Na san kuɗin mai yana da ciwo, amma bai kai na karanshaf ba. Shi kuwa injin kwalekwale irin Yamaha Enduro, wanda ake gauraya masa mai a cikin fetur, ba shi da wannan ma'ajiya. Gaurayen ne ke ratsa ɗakin karanshaf yana shafa boris, don haka ruwa ya kai can kai tsaye. A juya shi ta kowace fuska ya tsiyaye, a ɗura mai ta bakin kabireta ana jan igiya, a ɗan ƙara yawan mai a tankin farko, a kuma duba man giya da ke kusa da farfela.

In ya tashi, a bar shi ya yi aiki a hankali na rabin sa'a ko fiye, domin zafi ne kaɗai ke korar danshin da ya maƙale a lunguna. Sai dai injin kwalekwale da ruwa yake sanyaya kansa, dole gindinsa ya kasance a cikin duro ko kogi, in ba haka ba robar da ke tura ruwan za ta ƙone nan da nan. Famfon injin ban-ruwa ma a cika shi da ruwa tukuna. Abin so shi ne a gama duk wannan a ranar da aka tsamo shi.

Masu rai a cikin tanki

Akwai matsalar da kan ɓullo bayan watanni, musamman a tankin gas ko jarkar da ruwa ya ɗan shiga aka ƙyale. A daidai iyakar da mai ya haɗu da ruwa wasu bakteriya da fumfuna sukan kafa zama. Suna sha daga ruwan da ke ƙasa, suna ci daga man da ke sama. Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce Hormoconis resinae, wadda ta daɗe tana damun masu jiragen sama a tankunansu na kananzir. Kashin da suke bari wani baƙin yauƙi ne da ke toshe matatar mai, tare da sinadarai masu tsami da ke huda gindin tanki. Mai inji sai ya yi ta zargin mai sayar da mai, alhali ɗan ruwan da ya bari a watan Agusta ne ya yi 'ya'ya. Maganinsa a wanke tankin a busar da shi ƙarau kafin a zuba sabon mai.

Gurɓataccen man da aka tsiyaye kuwa kada a zubar da shi a fadama ko kusa da rijiya. Yakan bazu ya zama siririn mayafi a saman ruwa, ya rage shigar oksijin, ya cutar da 'ya'yan kifi da talibambam da ƙwarin da kifi ke ci. A tara shi a galan mai murfi, a bar shi ya kwana biyu ruwan ya kwanta a ƙasa, sannan a kai wa bakanike.