Zabtarewar Ƙasa: Gane Haɗari Tun Hadari Bai Sauko Ba

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Suwizalan da Ostiriya, dusar ƙanƙara takan taru a jikin manyan duwatsu, daga bisani ta zabtaro gaba ɗaya ta binne abin da ta tarar. A shekarar 1999 irin wannan zabtarewa ta hallaka mutum 31 a ƙauyen Galtur na Ostiriya. Ƙasar Zazzau ba ta san dusar ƙanƙara ba, amma ta san 'yar'uwar wannan masifa, wato ruftawar gaɓar rafi ko bakin rami a kan masu ɗibar yashi da ƙasar gini. Musabbabin abubuwan biyu kusan ɗaya ne.

Idan guguwar hunturu ta tunkaro, masanan Turai sukan haƙa rami cikin dusar su duba yadda ta kwanta hawa-hawa. Abin da suke nema shi ne shimfiɗa mai rauni wadda wata mai nauyi ta danne, domin daga nan ne tsagewa take farawa. Ƙasa ma haka take. Wanda ya dubi gaɓar rafin Kubanni a Samaru, ko ta kogin Galma a gefen Sabon Gari, zai ga ƙasar ba iri ɗaya ba ce daga sama zuwa ƙasa. Inda laka mai ƙarfi ta hau kan rairayi, ruwa yakan rarake rairayin ya bar ta sama babu madogara. Inda kuma yumɓu ne a ƙarƙashi, ruwan da ya nutse yakan taru a kansa ya mayar da shi santsi.

Samaru takan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne watan da ya fi kowane. Ruwan malka yana ƙara wa ƙasa nauyi, yana kuma rage riƙon da ke tsakanin ƙwayoyinta. Saboda haka gaɓar da ta sha ruwa kwana uku a jere tana iya faɗuwa da yayyafi kaɗan, ko ma bayan an ɗauke ruwa.

Alamun da ya kamata a lura da su su ne: tsaga a saman gaɓa wadda ta bi tsawon bakinta, ruwa mai tsattsafowa daga jikinta, gindin da ya rarake, itacen da ya karkata, da ɓarɓashin ƙasa mai zubowa. Ganin ɗaya daga cikinsu ya isa a kauce, a kuma hana yara da dabbobi matsowa.

In har ƙasa ta rufta wa mutum, lokaci ne abin tsere. Binciken Turai ya nuna yawancin waɗanda aka tono daga dusa cikin minti 15 suna rayuwa, bayan haka adadin yakan ragu ƙwarai. Ƙasa kuwa ta fi dusa nauyi, domin tulin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa mita ɗai-ɗai ne ya haura tan ɗaya da rabi. Sai a nemi agaji nan take, a tabbata sauran gaɓar ba za ta biyo ba, a fara buɗe fuska da ƙirji.

Malaman labarin ƙasa za su iya kai ɗalibai bakin Kubanni da rani su zana waɗannan shimfiɗu, domin su san abin da za su guda da damina.