Waya ta iya magana, saura ta iya Hausa

Duk wanda ya san ƙasar da ta tashi daga Dawakin Tofa ta bi ta Bichi da Dambatta har zuwa Makoɗa, ya san ƙasa ce wadda gona ke jingine da gona, ba ka tafiyar kirki ba ka tarar da wani gida ba. A irin wannan ƙasa idan magidanci ya rasa ganinsa ba ya rasa girmansa. 'Ya'ya su yi noma, shi kuwa lissafi na hannunsa: damin gero nawa aka sa a rumbu, buhun gyaɗa nawa aka kai kasuwar Dambatta ran Lahadi, nawa za a ware na taki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wannan lissafi yana ta ƙaura zuwa cikin waya, makaho kuwa an bar shi a bakin ƙofa.

Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, cinikin ƙauye ma ya koma tura kuɗi ta waya da zuwa wurin mai POS. Mai ido ya danna lambobinsa ya wuce. Makaho sai ya miƙa wayarsa ga jika ko maƙwabci, ya faɗa masa lambar sirrinsa da baki, sa'annan ya jira a gaya masa abin da ya rage a asusunsa. Na san dattijon da ba ya yarda a karanta masa saƙon banki sai yara sun fita, don kada gidan duka ya san abin da ya mallaka. Ɗan jagora na da sanda kawai yake riƙe wa. Na yanzu kuwa aljihu aka damƙa masa.

Kada mai karatu ya ɗauka mutane ƙalilan ake magana a kansu. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo haka, sai hawan jinin ido. Ma'anar wannan a fili take. Galibin makafin karkararmu da girmansu suka makance. Ba su je makarantar Tudun Maliki da ke Kano ba, balle ta Gindiri da aka buɗe a 1953, kuma yatsun da suka shekara hamsin a ƙotar fartanya da wuya su koyi rubutun Braille yanzu. Ba raina wannan rubutu nake yi ba, shi ne fitilar ɗalibi. Amma ga manomin Makoɗa hanyar da ta rage ita ce kunne.

Fasahar kuwa ta daɗe da samuwa. Akwai manhajojin da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Ɗaya daga cikinsu, NVDA, wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh wanda shi ma makaho ne ya haɗa hannu da shi, kuma kyauta ake ba da ita. A 2009 iPhone ta zo da VoiceOver, wayoyin Android kuma suka samu TalkBack. Mutum ya shafa fuskar waya da yatsa, ta faɗa masa abin da ya taɓa. Tun 1999 kuma akwai ƙa'idojin duniya na yadda za a gina shafin intanet don irin waɗannan manhajoji su iya karanta shi.

To ina gizo ke saƙa? Muryar da wayoyin ke zuwa da ita ta Turanci ce. Idan ka ba ta rubutun Hausa sai ta tauna shi da lafazin Bature, ta yi tuntuɓe a kan ɓ da ɗ da ƙ, mai saurare ya rasa inda aka dosa. Laifin ma ba nata ba ne ita kaɗai, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na hawaye da kuka ta miya. Mai ido yana ganewa daga zancen, na'ura kuwa sai an koya mata da muryoyin Hausawa masu yawa. An soma. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da fasahar mai da rubutu magana a harsuna sama da 1,000, har da Hausa, a 2024 kuma Google ya sa Hausa cikin harsunan da za a iya yi wa waya magana da su ta rubuta. Sai dai tsakanin ɗakin bincike da aljihun manomi akwai tafiya.

Abin da ya fi ba ni takaici na gida ne. Sau nawa hukuma ke fitar da sanarwar rabon taki ko ɗaukar aiki a matsayin hoton takarda? Hoto kuwa, in ba a rubuta bayaninsa a ƙarƙashi ba, bango ne ga manhajar karatu. Haka nan karkatattun haruffan nan da ake cewa a kwafa kafin a shiga shafi. Wannan ba rashin kuɗi ba ne, rashin tunawa ne da cewa akwai masu karatu da kunne. Alhali dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da hukumar da aka kafa dominsu a 2020, sun isa a tuna wa kowane ofishi wajibinsa. Mu dai da an ce doka sai tunaninmu ya tsaya a gangaren keken guragu a ƙofar gini.

A nawa ganin, daga ƙaramar waya mai madannai ya kamata a fara, don ita ce a hannun mafi yawan dattawan ƙauye. Babban Bankin Nijeriya na iya wajabta wa bankuna su buɗe layin da mutum zai kira ya ji abin da ke asusunsa da Hausa, ya danna lambar sirrinsa da kansa, ba tare da layin ya yanke kafin ya gama lalube ba. Ma'aikatar gona ta jiha ta yi haka ga sanarwar taki da iri. Jami'ar Bayero, da ke da masana harshe da na kwamfuta a haraba ɗaya, ita ta fi cancanta ta tattara muryoyin, kuma a je a naɗo su a Bichi da Dambatta, kada a tsaya ga Hausar 'yan birni. Kafin a ƙaddamar da komai kuma, a kai shi Unguwar Makafi a Dala, a miƙa wa Sarkin Makafi da jama'arsa su gwada da hannunsu, ba tare da wani mai ido ya tsaya a kansu ba.