Komawa Kan Sirdi: Hawan Keke Don Lafiyar Jiki a Arewacin Zamfara

Keke tsohon abokin zama ne a ƙasar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi da Birnin Tsaba ta dangana da Shinkafi, domin bayan da titin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, garin ya zama tashar ƙarshe inda ake tara gyaɗa da auduga ana kuma sauke hajar kamfanonin Turawa, keke ya shiga sahun kayan da manomi ke burin mallaka idan kaka ta yi kyau. Malamin makaranta da malamin gona da ɗan kasuwa mai cin kasuwannin ƙauye duk a kan sirdi suka yi rayuwarsu, da farko a kan Raleigh na Ingila, wanda daga baya aka riƙa harhaɗa shi a Kano, sannan a kan Phoenix na ƙasar Sin da ya fi araha. Babur ne ya ture keke daga wannan matsayi, har ta kai tafiyar da ba ta wuce daga gida zuwa masallacin Juma'a ba sai an tsayar mata da ɗan kabu-kabu. Sai kuma cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wanda ya ɗaga farashin lita daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya sa magidanta da yawa suka sake duban keken da ke jingine a zaure ƙura ta rufe shi. Tsadar mai ce ta kora su, amma akwai ribar lafiya a cikin wannan komawa ga wanda ya san yadda ake fara ta.

Mutumin da ake magana a kansa sananne ne a kowace unguwa: ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko ɗan tireda da ke wuni zaune a shago, ko malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wanda ya haura shekara arba'in, teɓa ta fara rinjayar rigarsa, kuma hawa bene ɗaya ko ɗaukar buhun hatsi zuwa soro kan bar shi yana haki. Tarkon da ke jiran irin wannan mutum yana cikin wani bambanci da ba kowa ke lura da shi ba, wato bambancin iya hawa da ƙarfin tuƙi. Iya hawa, wato riƙe daidaito a kan taya biyu, ƙwarewa ce da ƙwaƙwalwa ke adanawa, kuma wanda ya koya yana yaro ba ya mantawa ko da ya yi shekara ashirin bai taɓa feda ba. Juriyar zuciya da huhu da tsoka kuwa ba a ajiye ta, tana fara zaizayewa cikin 'yan makonni da zarar an daina aiki da ita. Saboda haka magidanci kan hau, ya ji keken ya bi masa kamar jiya ya sauka, sai ya ɗauka jikinsa na nan yadda ya bar shi lokacin da yake kai gero kasuwar Shinkafi ya dawo a rana ɗaya, ya nausa tafiya mai nisa, ya dawo da jiri da ciwon gwiwa, keken kuma ya koma zaure.

Abin da ake nufi da juriyar numfashi shi ne iyawar zuciya da huhu da hanyoyin jini wajen isar da iskar oksijin ga tsokar da ke aiki, da kuma iyawar ita tsokar wajen ƙona abinci da wannan iska ta samar da ƙarfi. Idan aka juri tuƙa keke na makonni, zuciya kan riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan hanyoyin jini sukan yawaita a cikin tsokar cinya da sha-raɓa, sannan 'yan ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin tsoka masu sarrafa ƙarfi, waɗanda masana ke kira mitokondiriya, sukan ƙaru. Keke ya fi gudu dacewa da mai nauyin jiki saboda dalili ɗaya mai sauƙin fahimta: a gudu kowane taku yana sauke wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku, a keke kuwa sirdi ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, ƙafa juyawa kawai take yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko rabin haka idan motsin mai tsanani ne. Wannan adadi zango ne da ake nufa, wanda ya daɗe a zaune ba daga nan zai fara ba, kuma hukumar da kanta ta jaddada cewa kaɗan ya fi babu. Kalmar matsakaici kuwa tana da ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura, ma'aunin magana: idan mahayi zai iya amsa gaisuwar wanda ya wuce, a tambaye shi gida da iyali da gajiya ya mayar da cikakkun jimloli, amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana kan matsakaici, idan kuwa ko "lafiya lau" ba ta fita sai a gutsure, ya wuce iyakarsa, sai ya sassauta. Minti goma a wuri mai shimfiɗe, sau uku a mako, da kwanan hutu a tsakani, ya wadatar a makonni biyun farko, daga nan a riƙa ƙara 'yan mintoci kowane mako har a kai rabin awa, kuma a bar maganar ƙara sauri sai bayan tsawon lokacin ya zauna. Lissafi da agogo ya fi lissafi da nisa, domin kilomita biyu a cikin rairayin bakin gulbin Gagare ta fi biyar a kan kwalta cin ƙarfi. Ga mai keken giya, wato mai haƙoran sarƙa daban-daban da ake sauyawa, giya mai sauƙi da juya feda da sauri ta fi giya mai nauyi da dannawa da ƙarfi, saboda ta farko zuciya take horarwa, ta biyu kuwa gwiwa take ci. Mai tsohon keke maras giya, in ya iso tudu ko yashi, ya sauka ya tura, turawar ma motsa jiki ce.

Akwai bincike da ke ƙarfafa wannan hanya. A 2017 masana daga Jami'ar Glasgow ta Birtaniya suka wallafa sakamakon bibiyar mutane sama da 260,000 na kimanin shekara biyar, inda suka gano cewa masu zuwa wurin aiki a keke sun fi masu zuwa a mota ko jirgi ƙarancin kamuwa da ciwon zuciya da kashi 46 cikin ɗari, da ƙarancin mutuwa a cikin wannan lokaci da kashi 41. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa keken kaɗai ne sanadi, tun da mai lafiya ne ya fi saurin zaɓar keke tun asali, kuma titunan Birtaniya daban suke da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Darasin da ya fi amfani a cikinsa shi ne cewa mutanen ba 'yan wasa ba ne, ma'aikata ne da suka mayar da hanyar aiki filin motsa jiki, kuma hawan da aka ɗaura shi da wata buƙata ta yau da kullum, zuwa ofis ko shago ko gona ta kusa, ya fi wanda aka ware masa lokaci na musamman daɗewa.

Kafin hawan farko, keken da ya daɗe a jingine yana buƙatar wuni ɗaya a wurin mai gyara. Shi ne zai zare tif ya hura, ya nitsar da shi sashe-sashe a cikin kwanon ruwa yana duban inda kumfa za ta taso, ya kankare wurin ya manna faci, ya ɗiga wa sarƙa baƙin mai, ya duba boris, ya sauya robar birki idan ta ƙeƙashe. Abin da mai gyara ba zai yi ba sai an roƙe shi shi ne daidaita tsawon sirdi, alhali a nan mafi yawan ciwon gwiwa yake farawa. Akasarin masu komawa keke sukan sauke sirdi ƙasa don tafin ƙafafunsu biyu su taɓa ƙasa suna zaune, abin da ke sa gwiwa ta yi ta aiki a lanƙwashe. Gwajin da aka saba yi shi ne mahayi ya zauna, wani ya riƙe masa keken, ya ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, tsawon ya yi, domin in ya mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Taya mai cikakkiyar iska ta fi sauƙin tuƙi, ko da yake tsidau da ƙayar aduwa ba sa barin kowa, don haka famfo a kan kariya ba ya zama kayan banza. Babbar riga da sarƙa ba sa shiri, ƙafar wando ta dama kuma a naɗe ta ko a ɗaure da roba. Zafin mazaunai na makon farko kusan kowa yana gamuwa da shi, kuma yakan lafa da kansa idan hawan gajere ne.

Wajibi ne a rarrabe tsamin jiki da alamar haɗari. Tsamin jiki shi ne ciwon tsoka da ke tasowa kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba, yana tafiya da kansa, kuma hawa a hankali yana ma rage shi. Ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, da jiri, da bugun zuciya maras tsari, da ƙarancin numfashin da hutu bai warware shi ba, waɗannan alamu ne na a sauka nan take a nemi asibiti. Hawan jini, wanda ake ƙiyasta shi daga 140 bisa 90 zuwa sama, sau da yawa ba ya nuna alama, don haka awon jini kafin farawa ya zama dole ga wanda ya haura arba'in. Motsa jiki na rage shi da 'yan maki, amma ba dalilin ajiye magani ba ne sai da izinin likita. Mai ciwon suga yana samun riba ta musamman, domin tsokar da ke aiki tana zuƙe suga daga jini, kuma tasirin kan ɗore kwana ɗaya zuwa biyu, shi ya sa ake so kada ya tsallake fiye da kwana biyu a jere. Sai dai mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin rage suga na iya fuskantar faɗuwar suga a hanya, wadda ke zuwa da karkarwa da zufa da ruɗewa, saboda haka dabino uku ko ƙwayar sukari su kasance a aljihunsa. Mai amosanin jini, wato sikila, ya nemi shawarar likitansa tukuna, domin ƙishirwa da wahala mai tsanani na iya tayar masa da ciwo.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa sharaɗi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, mahayi na iya zubar da zufar da ta kai lita guda a awa, kuma jiki na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, don haka lokacin da ya dace shi ne bayan sallar asuba da gari ya waye, ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a tare. Fitsari mai duhun launi shaida ce cewa ruwan bai isa ba. Hunturu ya fi daɗin tuƙi, sai dai ranar da hazo ya sauko mai asma da mai tari su haƙura. A watan azumi a gajarta hawan, a kuma matsar da shi dab da buɗa-baki ko bayansa.

Batun tsaro ba ya buƙatar dogon bayani ga mazaunin wannan yanki, wanda ya ga rufe layukan waya da kasuwannin mako da taƙaita zirga-zirgar babura a 2021. Littattafan motsa jiki na ƙasashen waje sukan yaba fita bayan gari inda babu motoci, shawarar da ba ta da wurin zama a Zurmi ko Birnin Tsaba a halin da ake ciki. Zuciya ba ta san ko sabuwar hanya ake bi ko tsohuwa ba, don haka zagaya filin makaranta ko filin idi ko wasu layukan unguwa sau biyar daidai yake da miƙa tafiya daji, kuma mutum biyu ko uku da suka yi alkawarin haɗuwa a ƙofar masallaci sun fi mutum ɗaya tsaro da kuma cika alkawari. Mata, waɗanda al'ada ba ta cika sakar musu hawa keke a titi ba, suna iya samun duk wannan amfani a keken ɗaki, wato wanda aka girke wuri ɗaya ana juya fedarsa.

Abubuwa biyu ne suka fi sa mutum ya yar da keke a wata na biyu. Na farko bakin mutane, domin a inda ake auna ci gaba da tashi daga keke zuwa babur zuwa mota, Alhajin da aka gani yana tuƙi sai majalisa ta fara raɗe-raɗin karayar arziki, kuma maganin wannan bai wuce a yi ta ganinsa kullum har abin ya daina zama labari ba. Na biyu teɓar da ta ƙi sauka. Rabin awa na matsakaicin tuƙi yana ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci, tsakanin 150 da 250 gwargwadon nauyin mahayi da saurinsa, alhali gorar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da kusan 200, kilo ɗaya na kitse kuwa ya kai 7,700. Wanda ya sauko daga keke ya saka wa kansa da lemo mai sanyi ya mayar da abin da ya fitar. Sikeli ne ma'aunin da ya fi jinkirin nuna sauyi, akwai kuma waɗanda suka riga shi: barci kan yi nauyi, hakin hawa tudu kan ragu, mazagin wando kan fara saura. Mafi sauƙin bibiya a cikinsu shi ne bugun zuciya na hutu, wanda ake ƙirgawa da safe kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa na tsawon minti guda a rubuta adadin, kuma a wurin wanda ya juri hawa na wata biyu zuwa uku adadin kan sauko da 'yan bugu, domin zuciyar ta koma yin aikinta da bugu kaɗan.