Malanville: Yadda masu gyaran bodi ke ƙera wa tsofaffin motoci sabon jiki da hannu

A tashar motar Malanville, garin da ke arewacin Benin a bakin kogin Isa daura da Gaya ta Nijar, da wuya ka ga sabuwar motar haya. Waɗanda ke jigilar albasa da shinkafa da masara da fasinja zuwa Kandi da Paraku, ko su bi ta Segbana su nufi jihar Kebbi, yawancinsu tsofaffin bas ne irin su Toyota Hiace da Marsandi 207 da Peugeot J5 wadda ƴan Najeriya suka fi sabawa da ita. Wasunsu sun girmi direbobinsu. An daina ƙera J5 a Turai tun farkon shekarun 1990, dangin 207 kuma a 1995.

Inji idan ya gaji ana sauke shi a ɗora wani da aka sayo daga Kwatano. Abin da ke kai irin waɗannan motoci kushewa shi ne tsatsa, kuma babu kantin da za ka shiga a Malanville ko Gaya ka ce a miƙo maka sabon dokin ƙofar J5 ko sabon daɓen 207. Sai dai a ƙera. Mai ƙerawar shi ne wanda a Benin da Nijar ake kira toliye, a Najeriya kuma fanel bita. Aikin da yake yi iri biyu ne: akwai wanda ake yanke ruɓaɓɓen ƙarfe a sa lafiyayye, akwai kuma wanda ake shafe wurin a yi fenti. Ranar da mota ta fito daga gareji, ido ba ya bambanta su.

Daga ina tsatsar take?

Ƙarfe na tsatsa ne idan ya haɗu da iska da danshi, gishiri kuma shi ke ƙara wa abin sauri. Yawancin motocin nan sun zo da cutar tun daga Turai, inda ake watsa gishiri a kan titi lokacin sanyi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin na shiga cikin ramukan bodi ya kwana. Daga nan motar ta hau jirgin ruwa, ta sauka Kwatano, ta zauna a wuraren ajiyar motoci na bakin teku tana shan iska mai gishiri, kafin ta kamo hanyar arewa mai tsawon fiye da kilomita 700.

A ƙa'ida busasshiyar iskar arewa rahama ce ga ƙarfe, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Maraɗi ko Damagaram ba ta ruɓewa kamar ta bakin teku. Amma Malanville garin kogi ne, kuma garin babbar kasuwa, wadda a Benin ake lissafa ta bayan Dantokpa ta Kwatano. Buhun gishiri da na takin zamani, ɗanyen kifi, fitsarin awaki da tumaki, duk suna tsiyaya a daɓen mota, su shige ƙarƙashin shimfiɗar roba inda ba sa bushewa. Laka kuma ta cika saman taya da damina ta riƙe danshi har kaka.

Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Benin ta buɗe nata ɓangaren a Fabrairun 2024 bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi, Nijar ta bar nata a rufe, mutane da kaya suka koma ƙetarawa da kwale-kwale. Ƙananan motoci suka riƙa sauka har bakin ruwa suna lodi cikin jiƙaƙƙen yashi. Samu ya ragu, sayen wata mota ya yi nisa, mai mota kuma ya fara neman gyara mafi araha. A nan ne matsalar take.

Babbar mota tana da sasi dabam, bodi dabam, ko bodin ya ruɓe sasin na riƙe da kaya. Hiace da J5 ba haka aka gina su ba. Daɓe da dokin ƙofa da ginshiƙan da ke riƙe rufi da ƙarafan ƙasa duk a haɗe suke da walda, jiki guda. Idan dokin ƙofa ya ruɓe, wani yanki ne na ƙashin motar ya tafi. Kujerun fasinja a daɓen nan aka ɗaure su, sifirin na baya a jikin nan yake kamawa, kayan da ake jibga a saman mota kuma ginshiƙan nan ne ke ɗauke da su. Daɓen da ya huje yana kuma shigo da hayaƙin salansa cikin mota, hayaƙin da ke ɗauke da iska mai guba marar wari, wadda ke sa fasinja da direba ciwon kai da gyangyaɗi.

Yanka, awo da duka

Toliyen kirki yana farawa da tono. Zai fitar da kujeru da shimfiɗa, ya bi wurin da ƙaramar guduma ko bakin sukurdireba yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe na amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa shiru yake yi ko ya burma. Ƙurajen da ake gani a kan fenti alama ce ta ƙarshe, domin tsatsa daga ciki take cin ƙarfe, kuma tana kumbura ta ninka kaurin abin da ta ci. Ramin da ya kai girman tafin hannu a waje yakan zama kamu guda ko fiye idan aka buɗe. Ana yanka har sai an kai ga ƙarfe mai ƙyalli ta kowane gefe. Mai mota yakan tsorata idan ya ga girman ramin, amma walda ba ta kama tsatsa.

Sai awo. Ana ɗora kwali a kan ramin a zana, a yanke shi daidai, sannan a kwafe zanen a kan farantin ƙarfe, wato tol. A kasuwa ana sayar da shi mita 1 a kan mita 2, ana kuma kiran kaurinsa da lissafin Faransanci na kashi goma na milimita. Fatar waje na son kashi 8 zuwa 10 cikin goma, daɓe milimita 1 ko ɗan sama da haka, wuraren da ke ɗaukar nauyi kuma milimita 1.5 zuwa 2. Masu sana'ar da dama sun fi son ƙarfen rufi ko ƙofar wata mataccen mota a kan sabon tol, kuma suna da hujja: ƙarfen mota ne, yana lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Gefen tsohon firji da kwanon rufin ɗaki kuwa sun yi siriri ga duk wurin da ƙafa za ta taka.

A wurin siffanta ƙarfen ne ake gane gwani. A masana'anta, babban inji ne ke danna faranti sau ɗaya ya fito da siffarsa. A gareji kuwa guduma ce da haƙuri. Lanƙwasa madaidaiciya ana yin ta ne tsakanin ƙarafa biyu masu kusurwa da aka matse. Wurin da ke da tudu, kamar bakin taya, ana bugunsa a kan kututturen itace da aka fafe, sannan a daidaita shi da ƙananan duka a kan guntun ƙarfen layin dogo. Duk inda guduma ta sauka ƙarfe na miƙewa ya ƙara faɗi. Idan ya miƙe fiye da kima ya yi ciki, sai a ɗumama wuri kamar girman tsabar kuɗi har ya yi ja, a buga shi a hankali, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma, ƙarfen ya tsuke ya koma. Daɓe kuma ba a barinsa shimfiɗe sumul, ana fitar masa da kunyoyi irin na gona, domin su ne ke ba siririn faranti ƙarfi su hana shi ɓararraka a kan hanya. Toliyen da ya shimfiɗa faranti ba kunya ko ɗaya ya rage wa kansa aiki ne, ya bar wa direba.

Wanda ya taso kusa da maƙera zai gane kayan aikin nan: guduma, uwar maƙera, awartaki, magagari. Sana'ar ɗaya ce da ake yi a Katako ta Yamai, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Suame ta Kumasi. A Dakar ma, ƙananan bas ɗin Renault Saviem SG2 da aka daina ƙerawa a 1982 sun ci gaba da ɗaukar fasinja shekaru da dama bayan haka, kuma hannun masu duka irin wannan ne ya riƙe su.

Wuta

Siririn ƙarfe ba ya son waldar lantarki ta sanda, saboda tana huda shi. Yawancin toliye da gas suke aiki: iskar oksijin a kwalba, da wadda ake samu idan aka zuba ruwa a kan karbur, wanda a Najeriya ake kira kabayid. Harshen wutarta na haura digiri 3,000, alhali ƙarfe na narkewa a wajen 1,500, kuma ba ta jiran a kawo wutar lantarki. Illarta ita ce zafinta na yaɗuwa ya murɗe faranti. Don haka ba a jan walda daga farko zuwa ƙarshe a tafiya ɗaya. Ana ɗiga ta nan, a tsallaka can, a bari ya huce, a daidaita da guduma, a dawo a cike tsakani.

Yadda aka haɗa sabo da tsoho ma yana da muhimmanci. Haɗin baki da baki ya fi wuya amma ba ya barin wurin ɓuyan ruwa. Ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauri, sai dai tsakanin biyun ruwa ke kwana, kuma idan an bar ruɓaɓɓen a ƙarƙashi an yi gyaran gangar Auzinawa.

Hatsarin aikin ba ƙarami ba ne. Kafin a kunna wuta sai an cire batir, an fitar da jarkokin kpayo, fetur ɗin bakin hanya da direbobi ke ajiyewa ƙarƙashin kujera, an kuma sauke tanki idan aikin na kusa da shi. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin ne ke fashewa. Haka ma gangar da aka taɓa zuba mai a ciki. Tol mai farin rufi da ake kira galba yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da dare. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta kare huhu, abin da ke karewa shi ne goge farin rufin kafin walda da yin aikin a fili.

Mastik da mayen ƙarfe

Mastik ba laifi ba ne. An yi shi ne don ya shafe ƙananan tabon guduma, a kaurin da bai wuce milimita 2 ko 3 ba, a kan ƙarfe mai tsabta. Laifin shi ne a cusa raga ko kwali ko tsumma a rami a lafta masa mastik kamar yaɓen ɗaki. Yana shan ruwa ta baya, tsatsa na ci gaba a ɓoye, bayan damina ɗaya ko biyu ya tsage ya faɗo. A hatsari kuwa ba ya riƙe komai. Mai sayen tsohuwar mota ya tafi da ƙaramin mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifika ne, ya bi dokin ƙofa da bakin taya da ƙasan gilashin gaba. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe a wurin.

Bayan walda ana shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, domin zafin wuta ya ƙone duk kariyar da ke bayan farantin. Ana buɗe ƙananan ramukan tsiyayar ruwa da ke ƙasan ƙofa da dokin ƙofa, waɗanda mai gaggawa ke toshewa. Wasu na fesa baƙin mai cikin ramukan bodi, yana taimakawa na ɗan lokaci amma yana cin roba. Mai mota zai fi samun kwanciyar hankali idan ya yi sharaɗi tun wajen ciniki cewa zai ga aikin tsirara kafin mastik da fenti, a kuma ajiye masa guntayen da aka yanke.

Akwai wuri ɗaya da bai kamata wuta ko almakashi su taɓa ba sai da sanin hukuma: inda aka buga lambar sasi. A Benin hukumar CNSR ke duba lafiyar mota, ANaTT kuma ke yi mata rajista, kuma lambar da ke jikin ƙarfe dole ta yi daidai da ta takarda. Ga motar da ke yawo tsakanin ƙasashe uku, alamar walda a kewayen lambar ta isa ta sa ɗan duwan a Gaya ko jami'in kwastan a Kamba ya ɗauke ta a matsayin ta sata. Idan tsatsa ta kusanci wurin, mai mota ya fara zuwa ofis da takardunsa kafin ya je gareji.